Laka da ɓawo a cikin boilar injin shinkafa: abin da ake zubarwa da abin da ake hanawa

Tambayar ta fito ne daga wani mai masana'antar turara shinkafa a yankin Kura ta jihar Kano. Boilarsa, wato tukunyar da take dafa ruwa ya zama tururi, mai bututun wuta ce, irin wadda wuta da hayaƙi suke bi ta cikin bututu ruwa yana kewaye da su, tana ba da tururi tan 2 a awa ɗaya, tana aiki a kan matsin tururi na bar 10, kuma ɓuntu ake ƙona mata. Ya ce a 'yan watannin nan ta ƙara cin ɓuntu, tururinta yana jinkirin tashi, da aka buɗe ƙofar dubawa kuma sai aka tarar da farin ɓawo a jikin bututu da caɓi a ƙasa. Wani makanike ya ba shi shawarar a zuba mata ruwan batir ta kwana da shi, shi ne yake son a gaya masa ko ya yi hakan, idan kuma bai kamata ba, ta wace hanya za a fitar da dattin.

Alhaji, kada a zuba ruwan batir a cikin boilar nan ko da cokali ɗaya. Ruwan batir asid ɗin salfa ne, kuma idan ya haɗu da farin ɓawo irin na farar ƙasa, abin da yake haifarwa shi ne jifsam, wanda ba ya narkewa a ruwa sai ɗan kaɗan. Wannan jifsam ɗin zai lulluɓe ɓawon ya hana asid ɗin ci gaba da cinsa, sai ragowar asid ɗin ya koma kan duk inda ƙarfe yake a fili, musamman bakin bututu inda aka buɗa shi ya kama farantin boila, da kuma wuraren walda. Ke nan za a wayi gari ɓawon yana nan, ya ma ƙara tauri, ƙarfen kuma ya ragu.

Kafin a yi maganar abin da za a zuba, sai an rarrabe dattin da ke cikin boilar, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Akwai laka da gwiɓa masu laushi waɗanda suke kwanciya a ƙasa, waɗanda ruwa yake iya kora. Akwai ɓawo mai tauri wanda ya manne wa ƙarfe a wuraren da wuta ta fi bugawa. Akwai kuma gishirin da ya narke a cikin ruwan, wanda ido ba ya gani amma yake ƙaruwa a kowace awa. Daga ɓangaren wuta kuma akwai toka da kunkunniya a cikin bututun hayaƙi. Mutane da yawa suna ganin farin ɓawon ne kawai su ɗora masa laifin komai, alhali wani lokacin rabin asarar ɓuntun daga tokar da ta toshe bututu take fitowa, wadda buroshin waya yake cirewa cikin yini guda.

Dalilin taruwar datti a ɓangaren ruwa ba shi da wuyar fahimta. Tururi ruwa ne zalla yake ɗauka ya fita da shi, duk abin da ruwan ya shigo da shi kuwa a cikin boila yake barinsa. Idan ruwan da ake ɗura mata yana ɗauke da miligram 250 na narkakken gishiri a kowace lita, boilar da take ba da tan 2 a awa tana tara rabin kilo a kowace awa, wato kilo 5 a aikin awa 10, kuma babu inda wannan kilo 5 ɗin zai je sai an fitar da shi da gangan. Daga cikin wannan gishirin, sinadaran kalsiyam da magnisiyam su ne masu yin ɓawo, kuma su ne suke sa sabulu ya ƙi yin kumfa a wasu ruwan rijiyoyi. Halinsu ya saɓa wa na gishirin miya da sukari, waɗanda zafi yake ƙara narkar da su: su waɗannan da zarar ruwa ya yi zafi sai su fita daga cikinsa su daskare, kuma inda ya fi zafi a nan suke fara daskarewa, wato a jikin babban bututun wuta da bututun hayaƙi na zagayen farko.

Illar ɓawo daidai take da ta ƙanzo a gindin tukunya: wuta tana ci a ƙasa, amma zafin ba ya ratsawa yadda ya kamata, sai gindin tukunyar ya riƙa ƙonewa. Ƙarfen boila yana wuce da zafi fiye da ɓawo sau gommai, saboda haka kaurin da ido zai raina yana da tasiri. Ƙiyasin da Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar ya nuna cewa ɓawo na yau da kullum mai kaurin kusan milimita 0.8 yana jawo asarar kashi 2 cikin ɗari na makamashi, mai kaurin milimita 1.6 kuma kusan kashi 4, amma idan ɓawon ya haɗa sinadarin ƙarfe da silika, wato sinadarin yashi, milimita 0.8 kaɗai yana kai asarar kashi 7. Ni dai ba asarar ɓuntun ce ta fi damuna ba, tunda a masana'antar shinkafa ɓuntu yana samuwa. Abin tsoron shi ne zafin da ƙarfen yake sha. Ruwan da ke cikin boila a kan bar 10 zafinsa kusan digiri 184 ne, kuma muddin ruwan yana taɓa ƙarfe kai tsaye, zafin ƙarfen ba ya nisa da wannan sosai. Idan ɓawo ya shiga tsakani, ƙarfen yana iya haura digiri 450, inda yake fara rasa ƙarfinsa, sai matsin tururi ya lotsa babban bututun wuta ko ya kumbura wani wuri har ya tsage. Ruwan da yake cikin matsi idan ya sami kafa farat ɗaya wani kasonsa yana rikiɗewa ya zama tururi nan take, kuma lita ɗaya ta ruwa idan ta zama tururi a sarari tana cin wurin lita kusan 1,600. Wannan shi ne fashewar boila.

Saboda haka matakin farko shi ne a san irin ɓawon. A ɓanɓaro ɗan guntu daga wurare biyu ko uku, har da saman babban bututun wuta, a auna kaurinsa, sannan a ɗiga masa ruwan lemun tsami ko binega. Idan ya yi ta tafasa yana kumfa, ɓawon kabonet ne irin na farar ƙasa, wanda ya fi kowanne sauƙin cirewa. Idan bai motsa ba kuma yana da tauri da nauyi, akwai yiwuwar salfet ne. Idan siriri ne mai santsi da ƙyalli, wuƙa tana zamewa a kansa, to silika ce, kuma ita ce mafi muni. Ja ko baƙi mai ƙuraje kuwa tsatsa ce, idan aka ɗaga ƙurjin galibi akan tarar da rami a ƙarƙashinsa, wanda aikin iskar oksijin ne. Wannan gwajin na hannu haske kawai yake bayarwa, don haka a kai guntun da kuma lita ɗaya ta ruwan da ake ɗurawa ɗakin gwaji, a nemi a faɗi taurin ruwan, da yawan narkakken gishiri, da silika, da sinadarin ƙarfe, da ma'aunin pH mai nuna ko ruwan ya karkata ga asid ko ga soda.

Ruwa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, har a cikin gari ɗaya. Wanda yake jan ruwa daga kanal ɗin da ke zuwa daga madatsar Tiga matsalarsa ta fi karkata ga laka, musamman da damina lokacin da ruwa yake yin ja. Mai rijiyar burtsatse ruwansa yana iya fitowa garau amma ɗauke da abin da ba a gani, kuma a ƙasar da take da dutsen farar ƙasa, irin yankin Kalambaina a Sakkwato ko Ashaka a Gombe ko Malbaza a Nijar, ba abin mamaki ba ne a sami ruwa mai tauri sosai. Garau ɗin ruwa ba shaidar dacewarsa da boila ba ne.

Laka da gwiɓa ana fitar da su ne boila tana cikin aiki, ta hanyar buɗe bawul ɗin ƙasa matsin tururi ya feso su waje, abin da masu aikin boila suke kira bulodan. A nan ne na fi ganin sakaci, kuma a nan ne gyara ya fi arha. Ana yin sa aƙalla sau ɗaya a kowane zubin ma'aikata, a lokacin da ba a jan tururi da yawa, domin a lokacin ne lakar take samun damar kwanciya. Kafin a buɗe, a tabbata ruwa yana daidai matsayinsa ko ya ɗan haura a gilashin duba ruwa, kuma a sami wanda idonsa yake kan gilashin har a gama. Idan bawul biyu ne a jere, mai saurin buɗewa wanda yake kusa da boila shi ake fara buɗewa, sannan a buɗe mai murɗawa a hankali, wajen rufewa kuma mai murɗawar ake fara rufewa. Fesawar ta zama gajera, daƙiƙa kaɗan, a rufe, a ɗan jira, a sake. Dalili shi ne idan aka bar bawul a buɗe na tsawon minti biyu ko uku, lakar da ke kusa da bakin bututun ce kawai take fita a daƙiƙun farko, daga nan sai ruwan zafi mai tsabta ya yi wa kansa hanya ya riƙa zuba, a yi asarar ruwa da wuta, ragowar lakar kuma tana kwance a gefe. Bayan an rufe da ɗan lokaci a duba bututun fitar, idan har yanzu da zafi sosai to bawul ɗin yana yoyo. Ruwan da ake fesowa kuma ya shiga tanki ko rufaffen rami da aka tanada, kada a sake shi a kwatar da mutane da dabbobi suke bi, domin yana sale fata nan take.

Akwai wani abin lura ga boilolin ɓuntu na zamani. Da yawa daga cikinsu suna da ɗakin wuta wanda bangonsa bututun ruwa ne, a haɗe da gangar boilar. Bawul ɗin da ke ƙasan waɗannan bangayen ba a buɗe su wuta tana ci da ƙarfi, saboda hakan yana katse zagayawar ruwa a cikin bututun, kuma bututun da ruwa ya tsaya masa a gaban wuta ba ya jimawa yake ƙonewa. A bi abin da littafin kamfanin da ya ƙera ta ya faɗa a kan wannan.

Gilashin duba ruwa da akwatin na'urar da take kashe wuta idan ruwa ya yi ƙasa su ma laka tana taruwa a cikinsu, kuma wannan ya fi kowane datti haɗari, domin gilashin da bututunsa ya toshe yana nuna ruwa a cike alhali boila ta kusa bushewa. Kullum a fesa gilashin a ga ruwan ya sauka ya dawo da sauri, idan ya dawo a hankali akwai toshiya. Idan kuwa aka taɓa samun ruwa ya ɓace daga gilashi ba a san tun yaushe ba, a kashe wuta a bar ta ta huce da kanta, kada a kuskura a tura ruwan sanyi a kan ƙarfen da ya yi ja.

Narkakken gishiri kuma da mita ake bibiyarsa, ƙaramar mitar TDS ta hannu wadda ba ta da tsada. A boila irin wannan, iyakar da aka saba aiki da ita tana tsakanin miligram 3,000 zuwa 3,500 a lita. Idan aka wuce haka ruwan yana yin kumfa, kumfar ta bi tururi ta fita, kuma a wajenka, Alhaji, tururin nan cikin shinkafar da mutane za su ci yake shiga. Lissafin yawan ruwan da ya kamata a zubar shi ne a ninka gishirin ruwan ɗuri da yawan tururi, a raba da bambancin da ke tsakanin iyakar da gishirin ruwan ɗurin. Da ruwa mai 250, da tururi kilo 2,000 a awa, da iyaka 3,000, abin da zai fito kusan kilo 182 ne a awa. Idan ruwan ɗurin mai 500 ne, lissafin yana tashi zuwa kilo 400 a awa, wato kashi ɗaya cikin biyar na tururin da ake samu. Irin wannan yawan ba a fitar da shi ta bawul ɗin ƙasa, ta bawul ɗin sama ake tsiyayar da shi kaɗan kaɗan, daga ɗan ƙasa da saman ruwan. Samfurin da za a auna kuma a sanyaya shi kafin a tsoma mita, domin ruwan da aka tara da zafinsa wani kasonsa yana tashi ya zama tururi, sai lissafin ya fito sama da gaskiya.

Yanzu ga abin da ya riga ya taru. Tunda an ga caɓi a ƙasa, boilar tana buƙatar a tsayar da ita a wanke. Kwana biyu ko uku kafin tsayarwar a ƙara yawan fesawar ƙasa. Ranar da za a tsaya, a kashe wuta a kwashe garwashin ɓuntun da ya rage, a bar ta ta huce a hankali da ruwanta a ciki, a buɗe bawul ɗin iska na sama idan matsi ya kusa sauka ƙasa gaba ɗaya. Kada a zubar da ruwan sai jikinta ya yi sanyin da hannu zai iya daɗewa a kai. Masu gaggawa sukan zubar da ruwa boila tana da zafi don ta yi saurin hucewa, sai zafin ƙarfe da na bulon ɗakin wuta ya gasa lakar da take da laushi ta zama dutse, ga kuma bakin bututu da yake saki saboda saurin canjin zafi. Da zarar an zubar, a buɗe ƙofofi a fara wanki nan da nan lakar tana da danshi, da tiyo mai ƙarfin feshi, daga sama zuwa ƙasa, ana koro dattin ta ƙananan ƙofofin ƙasa. A duba bututun da ke zuwa gilashi da na'urar kashe wuta da bakin bututun ɗuri, a zura waya a tabbata a buɗe suke. Inda hannu yake kaiwa ana iya kankare ɓawo da buroshin waya ko makankari marar kaifi, amma ban yarda da kurfi da guduma a jikin bututu ba, domin kowane sara da aka yi wa ƙarfe wuri ne da tsatsa za ta fara. Wajen rufewa a sa sababbin gasket, wato abin da ake sawa a bakin ƙofa ya hana yoyo, tsofaffin ba sa sake kamawa.

Duk wanda zai shiga cikin ganga, a rufe bawul ɗin tururi da na ɗuri da na fesawa a sa musu kwaɗo, makullin yana aljihun wanda ya shiga, musamman idan akwai wata boilar da suke haɗe a layi ɗaya. A bar iska ta ratsa sosai, a yi amfani da tocila ko fitila mai ƙaramin lantarki, kuma a sami mutum tsaye a bakin ƙofa wanda ba shi da wani aiki sai kula da na ciki.

A wannan tsayawar ce za a share ɓangaren wuta. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin ɓuntu toka ne, kuma mafi yawan tokar silika ce mai kaifi, wadda take taruwa a bututun hayaƙi, take kuma goge ƙarfe a inda hayaƙi yake shiga da gudu. A bi kowane bututu da buroshi daidai girmansa, a duba bakinsa ko ya sirance. Daga nan a sa ma'aunin zafi a bututun fitar hayaƙi, a rubuta abin da ya nuna a ranar farko bayan wanki, domin wannan lambar ce za ta riƙa faɗa maka halin da cikin boilar yake ba tare da an buɗe ta ba. Duk ƙarin digiri 22 a zafin hayaƙi, a kan aiki iri ɗaya, yana nufin asarar kusan kashi 1 cikin ɗari. Idan an share bututu zafin ya sauko, toka ce, idan an share bai sauko ba, ɓawo ne a ɓangaren ruwa.

Wankin asid yana da wurinsa, amma sai an cika sharuɗɗa. Idan ɓawon bai kai milimita 1 ba kuma kabonet ne, ra'ayina shi ne a gyara ruwan ɗuri, a sa maganin da yake sassauta ɓawo a hankali boila tana aiki, a riƙa buɗewa bayan 'yan makonni ana kwashe abin da ya zubo, domin ɓawon da ya saki yana faɗowa falle falle, yana iya taruwa a kan bututun wuta ko ya toshe bawul ɗin ƙasa. Idan ya fi haka kauri, ko ya cike tsakanin bututu inda hannu ba ya kaiwa, sai a kira masu wannan sana'a, ba makaniken mota ba. Abin da suke amfani da shi ga ɓawon kabonet shi ne asid ɗin haidirokulorik da aka tsarma zuwa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ko asid ɗin salfamik wanda ya fi sauƙin sarrafawa, kuma dole a haɗa shi da maganin da yake kare ƙarfe daga cin asid. Ba jiƙawa ake yi a tafi a kwana ba, famfo ne yake zagayawa da ruwan daga tanki zuwa boila ya dawo, ana auna ƙarfin asid ɗin da yawan ƙarfen da ya narke a ciki lokaci lokaci, idan ƙarfin asid ya daina raguwa an gama. Ba a hura wuta asid yana ciki, zafin ruwan ma ba a barinsa ya wuce digiri 60 zuwa 65, saboda maganin kariyar yana lalacewa da zafi. Ana cire bawul ɗin kariya, wanda yake sakin tururi idan matsi ya yi yawa, da duk kayan tagulla ko a toshe hanyarsu, ana barin kafar sama a buɗe zuwa waje saboda iskar da take fita, wadda a cikinta akwai haidirojin mai kamawa da wuta, don haka babu sigari babu walda a kusa. Bayan an zubar ana ɗauraye ta, a zagaya da ruwan soda don kashe ragowar asid, sannan a yi mata maganin da yake sa ƙarfe ya yi sabuwar fatar kariya, in ba haka ba tsatsa za ta rufe ta cikin awoyi. Ruwan asid ɗin da aka fitar shi ma sai an kashe shi da soda ko farar ƙasa kafin a zubar, kuma ba a kanal ko gonar mutane ba. Ɓawon salfet sai an fara dafa shi da soda kafin asid ya iya cinsa, na silika kuwa yana buƙatar sinadarai masu fuloraid waɗanda suke ratsa fata su kai ga ƙashi, wannan ba aikin da za a yi da ma'aikatan gida ba ne ko kusa.

Duk wannan wahalar za ta dawo cikin watanni idan ruwan da ake ɗurawa bai canza ba, kuma masana'antar turara shinkafa ta fi wasu shiga wannan matsalar, saboda tururin da aka tura cikin ɗanyar shinkafa ba ya dawowa, kullum sabon ruwa ake ɗurawa da sabon gishirinsa. Ruwan da yake dawowa daga na'urar busarwa kuwa tsabtatacce ne kuma da zafinsa, asara ce babba a bar shi yana zuba a ƙasa, a mayar da shi tankin ɗuri. Idan ruwan kanal ne, a fara kwantar da lakarsa da alif a tanki, a bi da shi ta matatar yashi. Daga nan ya shiga na'urar tausasa ruwa, wadda ƙwayoyin rezin da ke cikinta suke kama kalsiyam da magnisiyam su saki sodiyam a madadinsu, ana kuma farfaɗo da su da ruwan gishiri. Na sha ganin wannan na'urar a tsaye a masana'antu kamar tana aiki, alhali tankin gishirinta ya bushe tun tuni, ruwa yana shiga yana fita yadda ya zo. Gwajin taurin ruwa na ɗigo ba ya cin minti biyu, a yi shi kowace safiya a bakin fitar na'urar. A kuma sani cewa tausasawa ba ta rage yawan narkakken gishiri kuma ba ta cire silika, idan gwaji ya nuna suna da yawa sai an haɗa da na'urar RO irin ta masu fiya wata.

Tankin ɗuri a riƙa ɗumama shi zuwa digiri 80 ko 85. Ruwan sanyi yana ɗauke da oksijin kusan miligram 8 zuwa 9 a lita, a wannan zafin kuwa yana sauka zuwa wajen 2, ragowar sai a kashe ta da sodiyam salfait. Fosfet kuma, wani magani da ake sa wa ruwan boila, aikinsa shi ne ya kama ɗan taurin da ya tsallake na'urar tausasawa ya mayar da shi laka mai laushi maimakon ɓawo, wanda yake nufin duk mai sa fosfet dole ya riƙe fesawar ƙasa da muhimmanci, in ba haka ba ya ƙara wa kansa caɓi ne. Ruwan cikin boila a riƙe pH ɗinsa tsakanin 10.5 da 12. Tunda tururin yana taɓa abinci, a gaya wa mai sayar da magani haka tun farko, a karɓi waɗanda aka amince da su a masana'antar abinci kawai, a guji haidirazin, wani maganin kashe oksijin mai guba, gaba ɗaya. Lokacin da shinkafa ta yanke aka tsayar da aiki na makonni, kada a bar boila da rabin ruwa, ko dai a cika ta fal da ruwan da aka sa wa magani a rufe, ko a zubar a busar da ita sarai a sa tiren farar ƙasa marar jiƙo a ciki ta tsotse danshi.

Abu ɗaya da ya kamata ka shirya masa tun yanzu, Alhaji, shi ne cewa bayan an cire ɓawo mai kauri ba mamaki wasu bututun su fara yoyo. Ba wankin ne ya huda su ba idan an yi shi daidai, ramukan suna nan tun da, ɓawon ne ya toshe su. Saboda haka a tanadi bututun canji da mai buɗa bakin bututu kafin a fara, kuma kada a hura wuta sai an yi gwajin matsi da ruwa, wanda bayan babban gyara akan kai shi ninki ɗaya da rabi na matsin da aka ƙayyade wa boilar, da ruwa zalla ba da iska ko tururi ba. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a riƙa kawo mai duba boila mai izini ya bincika ta lokaci lokaci da kuma bayan duk wani babban gyara, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ce take kula da wannan. A daidaita ranar zuwansa da ranar da boilar take a buɗe a wanke, domin ya ga ƙarfen da idonsa, ya auna kaurin babban bututun wuta da na farantai, ya gwada bawul ɗin kariya, ya kuma rubuta matsin da ya yarda a ci gaba da aiki a kansa.